Watan Bakwai a Littafin Ruwa

Nassarawa GRA, Kano
7 ga Afrilu

Afrah, yau an zo da mota har ƙofar gida saboda littattafaina. Farar mota da direba, da wata mata mai suna Madam Scholastica, ta ce ke kika aiko ta. Maigadin gidan da ke kallonmu ya ji tana tambaya, "Ina Malam Mamman mai lambu, wanda yake rubuta ruwan sama?" sai ya rako ta da kansa. Shekara arba'in da ɗaya ina cikin unguwar nan, ba a taɓa tsayar da mota don ni ba.

Kin ga na fara da labari ban gaishe ki ba. Da Malam Mika na ajin yamma yana da rai, da ya ja mini jan biro. To, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da sanyin Nairobi. Ni lafiya lau, sai kunnen nan da ya ƙara nauyi, don haka kada ki wahalar da kanki da kira. Ki rubuto. Sagiru, direban maƙwabtanmu, zai ɗauki hoton takardar nan da wayarsa ya tura miki, amsarki kuma ya bugo mini ita a shago a Badawa. Ni sai na riƙe takarda a hannu nake jin an yi mini magana.

Madam ta zauna a gindin mangwaro ta ɗauki hoton littafi goma sha ɗaya, shafi bayan shafi. Ta tambaye ni yadda na fara. Na ce ina da shekara hamsin na shiga aji a Tudun Wada, hannuna ya saba da fartanya, fensir yana karyewa. Malam Mika ya ce kowa ya riƙa rubuta layi ɗaya kullum a kan abin da ya sani. Masu gadi suka rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita. Ni ruwa na sani. Na ɗora gwangwanin madara a kan kututture nesa da itace, in an yi ruwa na tsoma rular da aka ba mu a aji, na rubuta. Ranar da aka yi ruwan shuka, wato wanda ya jiƙa ƙasa har manomi ya fita da iri, sai na ja layi biyu a ƙarƙashi. Shekara ashirin da uku ke nan.

Ta ce a watan Yuni za a tara daraktoci da 'yan majalisa a wani otal nan kusa da mu, a koya musu yadda za su duba hujja kafin su yanke shawara a kan sauyin yanayi, kuma ke kika ce a sa littafina a ciki. Na ce, "Madam, to da can da me suke yankewa?" Ta yi dariya har ta ajiye wayar. Ni da gaske nake tambaya. Sau nawa na ga an raba dashen itatuwa ƙasa tana ƙuna, an yi hoto, bayan mako biyu sun zama tsinke.

Gidan nan shiru. Alhaji mai gidan da iyalinsa shekara huɗu ke nan a Abuja, ina ba furanni ruwa ba mai kallo. Tun rasuwar kakarki Dije ban yi magana mai tsawo da kowa ba kamar ta yau. Babanki Badaruddeen yana Fatakwal, ya ce zai zo, bai sa rana ba.

Amaryata, ashe kina tunawa da tsohon mijinki. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki, Mamman


Nairobi
19 ga Afrilu

Kaka, ina gaisuwa. Ina fatan kunne da sauƙi. Ni lafiya, sai dai har yau ban sami mai tuwon kirki a garin nan ba. In ba ka aiko da kuka da daddawa ba, auren nan namu a bakin rai yake.

Na kwana biyu ina shigar da lambobinka cikin kwamfuta. Rubutunka ya fi na rabin malamanmu kyau. Abin da ya sa na nace a sa littafin shi ne, in ka nuna wa manyan nan zanen da aka ɗauko daga tauraron ɗan'adam, sai su gyaɗa kai su duba agogo. Amma rubutun hannu da Hausa, daga lambun da suke wucewa kullum a hanyar ofis, na san za su tsaya. Gwangwani ɗaya a lambu ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma in ya zauna kusa da lambobin tashar auna yanayi, kowanne zai ƙarfafa ɗan'uwansa.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure mini kai. A littafi biyar na farko, layinka biyu kusan kullum a wata na bakwai yake faɗawa. Daga littafi na shida zuwa yau, a wata na shida. Wato littafinka yana cewa ruwan shuka ya matso gaba da wata guda. Lambobin da nake da su ba su ce haka ba. Shugabana ya ce in ba a warware ba kafin ƙarshen Mayu, ba za a sa shi ba. Na ce a ajiye shi tukuna.

Kaka, kada ka ji komai, tambaya ce kawai: ko akwai shekarun farko da ka cike daga baya, da ka? Kowa yana yi. In haka ne ka gaya mini waɗanne, sai in cire su.

Jikarka, Afrah


Nassarawa GRA, Kano
10 ga Mayu

Afrah, bayan gaisuwa. Ina lafiya.

Takardarki ta zo, na karanta ta sau huɗu, na kuma ba ta mako uku ko za ta sauya magana. Ba ta sauya ba.

Ban taɓa rubuta ruwan da ban tsoma rula a cikinsa ba. Ki buɗe ƙarshen littafi na biyar, za ki ga shafi uku fari fat. Lokacin da Dije take kwance a asibiti ne. An yi ruwa a kwanakin nan, ina jin sa a kan kwanon ɗakin marasa lafiya, na san mai yawa ne, da na so da na rubuta. Ban auna ba, ban rubuta ba. Mutumin da ya bar shafi uku fari ba zai cike shekara tara da ka ba.

Na san ban yi karatu mai zurfi ba. Amma abin da ake ce wa “a ajiye shi tukuna” na san shi, don na ga yadda ake ajiye takardun masu neman aiki a gidajen nan. Ki ce wa shugabanki ba komai. Ki ce wa Madam kada ta wahalar da mota.

Ga shi mun shiga watan bakwai, maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Na kife gwangwanin, na kai rular cikin akwati. Da hantsi yanzu nakan zauna a bakin get in kalli motocin ofis suna wucewa.

Kakanki, Mamman


Nairobi
21 ga Mayu

Kaka, ina gaisuwa. Wata guda ke nan ban ji daga gare ka ba. Wayar Malam Sagiru ba ta shiga. Na kira Baba, ya ce shi ma bai ji komai ba, wai ai ka saba da shirunka. Ni ban saba ba. In rashin lafiya ce a gaya mini. In kuma takardata ce ta ɓata maka rai, ka zage ni a rubuce, zan karanta. Saura kwana goma a rufe maganar littafin, amma ba shi ne ya sa na rubuto ba.

Afrah


Nairobi
27 ga Mayu

Kaka, yau takardarka ta goma ga wata ta iso. Ashe Malam Sagiru ya kai maigidansa ƙauye a Katsina, takardar tana aljihun motar kwana goma sha bakwai.

Ka yafe mini. Na rubuta maka tambayar da ake yi wa kowa a ofishinmu, na manta wa nake yi wa. Na buɗe shafi ukun nan na gani. Ban iya komai ba a ranar.

Amma ka duba saman takardarka. Ka rubuta goma ga Mayu. A ƙasa kuma ka ce mun shiga watan bakwai. Kaka, a wurina Mayu wata na biyar ne, na bakwai kuma Yuli. Don Allah ka gaya mini, watan bakwai ɗinka wanne ne? Ka amsa yau in da hali, ko da layi ɗaya.

Afrah


Nassarawa GRA, Kano
28 ga Mayu

Afrah, bayan gaisuwa, na tsare Sagiru a bakin get, ya ce ba zai motsa ba sai na gama.

Ke jikar manoma ce ba ki san watan bakwai ba? Laifin babanki ne. A garinmu manomi yana fara ƙirga watanninsa ne bayan an kai amfani gida. Watan da ’yan boko suke ce wa Nuwamba shi ne na ɗaya a wurinmu. Ki ƙirga da yatsa, za ki ga na bakwai ya faɗo a kan Mayu. Shi ne watan da ake gyara gona ana kallon gabas. Da na fara littafi, kwanan wata nakan ɗauka daga rediyo, amma watan na gidanmu nake sawa, don ruwa maganar manoma ce. Malam Mika bai taɓa gyara mini ba. Shi ma ɗan manomi ne daga ƙasar Zariya.

Na ɗauko littattafan na baje a tabarma don in ga inda abin ya juya. A shafukan nan uku ne. Wata biyar muna zirga-zirgar asibiti da Dije, kati a aljihuna, komai da lambar watan boko: ku dawo sha biyu ga watan takwas, ku dawo uku ga watan tara. Har na riƙa mafarkinsu. Da aka yi rasuwa na dawo kan littafi a daminar gaba, hannuna ya ci gaba da rubuta watan kati. Wallahi ban lura ba sai yau. Shekara goma sha huɗu.

To kin ga, ruwan shuka a littattafan farko a Mayu yake, yanzu kuma ya fi faɗowa a Yuni. Baya ya ja, a lambun nan dai. Abin da duk tsohon da ke bakin masallaci zai gaya miki ke nan.

Kunya ta kama ni. Ashe kuskuren yana ciki, ni kuma na hau ki da fushi. In shugabanki ya ce littafin mai wata biyu ba ya shiga gaban manya, yana da gaskiya.

An yi yayyafi ranar Talata, gwangwani a kife. Na bar layin fari. Na tayar da shi yanzu.

Kakanki, Mamman


Nairobi
2 ga Yuni

Kaka, ina gaisuwa. Na ja watannin littattafan farko baya da wata biyu, lambobinka suka zauna kusa da na tashar kamar tare aka haife su. Shugabana ya zo ya tsaya a bayana yana kallo, ya ce wa ya horar da mutumin nan. Na ce ajin yamma.

Yanzu ina neman izininka, kuma in ka ce a’a magana ta ƙare. Muna so mu ba manyan nan shafukanka yadda suke, ba gyara, mu ce su yanke shawarar lokacin raba iri da dashe. Muna so mu ga ko akwai wanda zai tambaya kafin ya sa hannu. Ni da digiri biyu ban tambaya daidai ba. Zan faɗa a gabansu cewa ni na fara faɗawa ramin, don kada kowa ya ce naka ne. Kai ka rubuta abin da ka auna. Mai karatu ne bai nemi mai rubutu ba.

Madam Scholastica za ta zo ta ɗauke ka ranar sha shida. Ka sa farar rigar Sallah.

Sai magana ta biyu, wadda na ajiye ƙarshe don ba na son rubuta ta. Ba zan samu zuwa ba. An sa mini jarrabawar baki a makon nan, na roƙa a ɗaga, an ƙi. Za a haɗa ni ta majigi, ku gan ni a bango. Na san ba ɗaya ba ne.

Jikarka, Afrah


Nassarawa GRA, Kano
17 ga Yuni

Afrah, an yi. Bayan gaisuwa, ina lafiya, ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Na san kin ga wani abu daga can, amma Madam ta ce na'urar ba ta nuna miki komai sai gaban ɗakin, to bari in ba ki na baya.

Na ce kada a zo da mota, tafiyar minti goma ce. Na isa da wuri na zauna a kujerar ƙarshe kusa da tukunyar fure. Furen nan an cika masa ruwa, saiwarsa tana ruɓewa, na matsar da shi daga bakin na'urar sanyi. Ina cikin haka wani mai babbar riga ya shigo ya miƙo mini kofin shayinsa, ya ce, “Baba, a ƙaro sukari.” Na karɓa na kai wa masu shayi. Ba laifinsa ba ne.

Mutum wajen talatin, an raba su tebur biyar, kowane tebur an ba shi shafukana. Na ga manyan mutane sun sa tabarau suna bin rubutuna da yatsa. Ban san inda zan sa idona ba. Madam ta matso da ni kusa don in ji.

Mai babbar rigar nan da ya miƙo mini kofi ya fi kowa sauri. Ya ce, “Ai a fili take. Da a Yuli, yanzu a Yuni. Ruwa ya matso, a riƙa fitar da iri da dashe da wuri.” Na kusa da shi ya ce, “Ranka ya daɗe, an rubuta.” Suka rubuta a babbar takarda suka manna a bango. Tebur huɗu haka suka yi.

A tebur na biyar akwai wani darakta mai furfura, ya cire hula yana sosa kai. Ya ce, “Ni fa abin bai kwanta mini ba. Ruwan shuka a Yuli shekara tara a jere? Da yunwa ta kashe mu, kuma ga mu.” Wani ya ce masa, “Kai dai ka ci, shi ya sa.” Aka yi dariya. Sai wata Hajiya ’yar majalisa da ke teburin ta ɗaga hannu ta ce, “Madam, mai littafin nan yana da rai?”

Madam ta nuna ni.

Afrah, duk ɗakin ya juyo yana kallona. Mai furfurar ya ce, “Malam, watan bakwai ɗin nan naka wanne ne?” Na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, wanda mahaifinka yake gyaran gona a cikinsa.” Ya tsaya, ya ƙirga da yatsa kamar yadda na ce ki yi, sai ya dafe kai. Ya ce, “Maƙarar rani. Da tsohona ya gan ni yau da ya kore ni daga gonar gado.”

Mai babbar rigar ya tashi da kansa ya ɓalle takardarsu daga bango. Ya zo har inda nake, yana kallona yana kallon kofin da ke hannunsa. Ya ce, “Malam, ka kusa sa mu raba iri a cikin rani.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ban ce a raba ba. Ba a tambaye ni ba.” Hajiyar ta ce wa mai rubuta bayanin taro, “Ka rubuta wannan yadda ya faɗa.” Daga nan har aka tashi cin abinci, duk takardar da aka ba su sai wani ya ce wa ya auna, da me, yana ina.

Sai aka kunna ki. Fuskarki ta kai girman ƙofa. Kin rame. Na ji kin ce “Kaka,” sauran na riƙa bin bakinki. Madam ta miƙo mini abin magana, ina cikin shirya abin da zan ce, hoton ya tsaya cak kina murmushi, ya ɗauke. Na ce “Allah ya yi miki albarka” ga farin bango. Mutane suka ce amin. In bai iso miki ba, ga shi a rubuce.

Da na dawo gida na cire rigar, na zagaya lambu, na rasa wanda zan ba labari. Sagiru ya fita da maigidansa. Na ba mangwaron.

Amma ki ji. Sun ɗauki shafi biyu, na ƙarshe da na rubuta a littafi na biyar da na farkon na shida, sun buga su manya-manya sun kafa a bakin ƙofar ɗakin taron, da sunana a ƙasa. Ƙugiyar ƙ ɗina ta kai tafin hannu. Har inda gumi ya ɗiga ya ɓata tawada ya fito. Madam ta ce za su zauna a wurin har ranar Juma’a da za a rufe taro. Yau da safe na koma na tsaya a gefe. Mai share wurin ya tambaye ni ko na san mai rubutun, na ce muna gaisawa.

Ki tura wa babanki takardar nan, ki ce daga Fatakwal kwana ɗaya ne a mota. Ki tura wa Goggonki Kande a ƙauye, ta zo da duk wanda ya taɓa cewa boko da furfura ɓata fensir ne. Na aika wa matar Malam Mika a Tudun Wada, da masu gadin da muka yi aji tare, waɗanda suka rage. Ba a hana kowa shiga, na tambaya. Ina nan a bakin ƙofar daga ƙarfe tara kullum. Ku zo ku gani kafin Juma’a.

Kakanki, Mamman